Tsohuwar mota ba rariya ba ce

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar asibiti a Kano wadda ta shekara uku tana zubin adashi, ta haɗa da rancen ƙungiyar ma'aikata, ta je filin dilolin mota ta zaɓi wata 'yar Beljiyam. Fenti yana walƙiya, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba, agogon tafiya yana nuna mil dubu 78. Ƙaninta ya zagaya da motar sau biyu a kan kwalta, bakaniken gidansu ya ɗaga bonet ya kasa kunne, ya ce inji lafiya lau. Aka yi ciniki, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, aka yi addu'ar Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya.

A kwana na 19, a kan hanyar Zariya, giya ta ƙi shiga, fitilun gargaɗi suka kama gaba ɗaya. Da mai gyaran wayarin ya ɗaga kafet, sai ya tarar da busasshen laka, ga tsatsa ta cinye ƙarafan ƙarƙashin kujeru. Motar ta taɓa nutsewa a ruwa tun kafin ta hau jirgi. Da aka koma wurin dila, amsarsa ba ta wuce wadda kowa ya sani ba: "Hajiya, ai ƙarfe ba shi da alkawari. Kin gani, bakanikenki ya gani, kuka ce kun yarda. Sai haƙuri." Sannan ya ɗora yatsa a ƙasan rasit, inda aka rubuta da Turanci cewa abin da aka saya ba a dawo da shi.

Yawancin masu saye a nan suke tsayawa. Wasu su ce ƙaddara ce, wasu su tuna karin maganar nan da ke cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma karin maganar ba ta hau wannan ciniki ba. Hudojin rariya a fili suke, don su ma ake sayenta. Wanda aka sayar wa tulu mai tsaga, aka liƙe tsagar aka shafe ta da jar ƙasa, bai sayi rariya ba, an ha'ince shi ne. Dokar Najeriya ta san wannan bambanci, fiƙihun da alƙalan Arewa ke hukunci da shi ya san shi tun ƙarnuka da dama, kuma lokaci ya yi da kasuwar mota za ta daina yin kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Tarihin da ba ya biyo mota

A shekarar 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kimanin kashi 80 cikin 100 kuma sun tafi ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Najeriya na sahun gaba a wannan kasuwa. Sunayen da ake kiran motocin da su ma tarihi ne: 'yar Beljiyam saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp, 'yar Kwatano saboda hanyar da suka daɗe suna biyowa kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka ana sayensu ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sauke motocin da suka ga kuɗin gyaransu ya kusa ko ya zarce darajarsu. A can, irin wannan mota tana ɗauke da tambari a takardar mallakarta mai nuna cewa ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta ci ta. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye. Tambarin yana nan a rumbun bayanan can, amma ba ya hawa jirgi tare da motar. Tana sauka a Legas, mai gyaran bodi ya miƙe ta, mai fenti ya yi mata wanka, sai ta fito fili a matsayin wadda wata tsohuwa ke zuwa cefane da ita.

Ba laifi ba ne a sayar da motar da ta taɓa haɗari, in an gyara ta da kyau an kuma faɗa. Laifin yana wajen ɓoyewa, dabarun ɓoyewar kuwa sanannu ne. Ana juya agogon tafiya baya da kwamfuta cikin 'yan mintoci. Jakar iskar da ta fashe ba a sake ta, sai a liƙe murfin a kashe fitilar da ke tona asiri. Ana zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar inji da hayaƙi na 'yan kwanaki. Ana cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a mayar da bututu fanko. Ruwa kuwa ya fi su duka mugunta, domin yana kwanciya a mahaɗar wayoyi yana ci a hankali, sai bayan makonni ko watanni kwamfutar motar ta fara hauka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zagaye biyu a kan kwalta zai nuna.

Abin ya ƙara nauyi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar da ma'aikaci kan saya da tarin shekara guda ta koma ta shekaru. Wanda aka cuta yau, bashi ne zai ci gaba da biya a kan abin da ke kwance a garejin bakanike.

Abin da doka ta tanada

Tsohuwar ƙa'idar da Najeriya ta gada daga dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 ta fi karkata ga cewa mai saye ya buɗe idonsa. Amma ko ita ba ta saki mai sayarwa sakaka ba: idan sana'arsa ce sayar da irin wannan kaya, wajibi ne kayan su kasance masu amfanuwa, kuma dubawar da mai saye ya yi tana kare ɗan kasuwa ne kawai daga aibin da irin wannan dubawa ya kamata ta gano. Tsagar gilashi tana cikin wannan. Lakar da ke ƙarƙashin kafet ba ta ciki.

Babban sauyi ya zo da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sassa biyar daga cikinta sun shafi filin mota kai tsaye. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima ya bayyana hakan a fili. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su jure na lokacin da hankali zai ɗauka bisa la'akari da yanayin cinikin. Sashe na 132 ya ce wannan lamuni yana cikin kowane ciniki ko ba a rubuta shi ba, kuma cikin wata uku da karɓar kaya mai saye na iya mayar da su idan sun gaza, ba tare da tara ba, ɗan kasuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 129 ya haramta sharaɗin da ke raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya na da aibi.

Saboda haka rubutun da ke ƙasan rasit ɗin nan bai fi ƙarfin tawadar da aka buga shi da ita ba. A shekarar 2022 babbar kotun jihar Enugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin sufuri cewa tsarinsa na ƙin mayar da kuɗi ya saɓa wa wannan doka. Shari'ar ta tikitin mota ce, amma sashe na 129 da kotun ta dogara da shi bai ware masu sayar da motar ba.

Wata uku ba wani gata ne na musamman ba. Dokar Afirka ta Kudu ta 2008 ta ba da wata shida. Ta Birtaniya ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa cif, kuma aibin da ya bayyana cikin wata shida ana ɗaukar cewa da shi aka sayar, sai dai dila ya tabbatar da akasin haka. A duka ƙasashen biyu ana nan ana cinikin tsofaffin motoci, kasuwa ba ta mutu ba.

Abin da malamai suka riga suka rubuta

Wanda ke ganin wannan tsari baƙo ne, ya koma babin ciniki a littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Hadisi ingantacce ya kawo yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. Wani hadisin ya yi hukunci a kan dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye: an ba shi damar mayar da ita bayan ya tatsa ya gane. Juya agogon mota da zuba mai mai kauri ɗaure hantsa ne na wannan zamani.

A kan wannan tushe malaman Malikiyya suka gina zaɓin aibi, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ke rage daraja, yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan wani sabon aibi ya auku a hannunsa kafin ya gano tsohon, haƙƙinsa bai faɗi ba: ko ya riƙe a rage masa kimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Sharaɗin da mai sayarwa kan gindaya na cewa ya kuɓuta daga kowane aibi kuwa, mazhabar ta ƙuntata shi matuƙa, kuma ko inda aka yarda da shi, ba ya kare mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Haka kuma malaman ba su bar mai saye ba sharaɗi ba. Wanda ya gano aibi ya ci gaba da amfani da abin kamar babu komai, ana ɗaukar hakan a matsayin yarda. Ma'aikaciyar asibitin nan, in ta ci gaba da zuwa aiki da motar wata biyu bayan an ɗaga kafet, da hannunta ta raunana hujjarta.

Dila ma yana da ta cewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Dila zai ce motar da ta shekara goma a kan titi ba sabuwa ba ce, kuma gaskiya ya faɗa. Batir yana mutuwa, birki yana cinyewa, roba tana tsufa. Wanda ya biya kuɗin tsohuwa ba zai nemi lafiyar sabuwa ba, shi ya sa ma doka ta ce a duba yanayin cinikin. Zai ce hanyoyin ƙasar nan suna karya motar da ta zo lafiya, man da ake sha ma ba kullum yake da kyau ba. Wannan ma gaskiya ne: a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol wanda ya lalata injuna, kuma ba dila ne ya shigo da shi ba. Zai ƙara da cewa akwai mai sayen da zai bar lagireto ba ruwa, inji ya ƙone, ya dawo yana kururuwar an cuce shi.

Duk waɗannan hujjoji ne a kan musabbabin lalacewa, kuma ana iya tantance su. Ƙwararren bakanike yana bambance injin da ya ƙone jiya da wanda aka daɗe ana lallaɓawa. Tsatsar wata takwas ba ta kama da ta kwana 19. Abin da hujjojin ba su kai ga tabbatarwa ba shi ne cewa kowace lalacewa ta mai saye ce tun daga lokacin da ya fita ƙofar fili.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta dilan da zai rantse cewa shi ma bai sani ba, haka ya saye ta a Legas, ko kuma motar ta wani ce aka ajiye masa ya sayar. Ana iya gaskata shi. Sai dai tambayar ita ce, tsakanin mutum biyu da ba su sani ba, wa ya fi dacewa ya ɗauki asarar? Ɗaya sana'arsa ke nan, yana sayen motoci da dama a shekara, ya san wanda ya sayar masa, yana iya komawa kansa, yana iya bincikar tarihin mota kafin ya biya. Ɗayan kuwa sau ɗaya yake saye a shekara bakwai ko goma. Idan asarar ta tsaya a kan dila, gobe zai bincika kafin ya sayo. Idan ta tsaya a kan mai saye, babu wanda zai sauya hali, domin wanda ke da ikon hana ɓarnar ba shi ne ke jin zafinta ba.

Me ya sa haƙƙin yake kwance

Dokar tana nan, amma abubuwa uku suna danne ta. Na farko rashin rubutu. Cinikin miliyoyin naira ana ƙulla shi da baki, kuɗin a tura asusun wani yaron fili, rasit ɗin kuma ba lambar jikin mota, ba adadin tafiya, wani lokaci ma ba sunan kamfani. Duk abin da dila ya faɗa na yabon mota ya bi iska. Na biyu kunya. Sau da yawa dillalin ɗan unguwa ne, ko abokin yaya, ko wanda ake haɗuwa da shi a sahu, sai neman haƙƙi ya zama kamar cin fuska, a taru a ba wanda aka cuta haƙuri, wanda ya yi cutar kuwa ba a ce masa komai ba. Haƙuri halin kirki ne, amma wanda aka tilasta wa mutum don a rufa wa ha'inci asiri ba shi ne wanda addini ya yaba ba.

Na uku kuskuren ƙofa. Mai saye a fusace yakan nufi ofishin 'yan sanda, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki zalla, sai in akwai zamba bayyananna. Ƙofofin da suka dace suna nan: sashe na 146 ya ba mai saye damar fara tuntuɓar wanda ya sayar masa, ko ya kai ƙorafi hukumar FCCPC, ko ya wuce kotu kai tsaye. Kano tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye, tana da zauren sulhu na babbar kotu, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci ga waɗanda suka zaɓe su. Kotunan ƙananan ƙararraki da Legas ta fara a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, an buɗe su ne da iyakar naira miliyan 5, adadin da farashin mota ya daɗe da tsere wa, ko da yake ƙarar neman kuɗin gyara tana iya shiga ciki.

Takarda guda

Gyaran da ya fi sauƙi ba ya buƙatar sabuwar doka. Tun 1985 hukumar kasuwanci ta Amurka ta wajabta wa dilolin tsofaffin motoci liƙa takarda a gilashin kowace mota mai bayyana ko akwai lamuni a kanta ko babu. Hukumar FCCPC da hukumomin jihohi, tare da ƙungiyoyin dilolin kansu, suna iya tsara irinta shafi guda, da Hausa da Turanci: lambar jikin mota mai harafi da alƙaluma 17, adadin tafiyar da agogo ya nuna, ko ta taɓa haɗari ko shiga ruwa, ko an sauya inji ko giya, ko jakunkunan iska suna nan, lambar takardar kwastam, da sunan mai motar na ainihi in ajiya ce. Dila ya sa hannu, mai saye ya sa hannu. Dilan kirki shi zai fi kowa cin moriyarta, domin aibin da ya rubuta aka yarda da shi an sayi rariya ke nan da sani, kuma a yau shi ne ke biyan bashin rashin yardar da maha'inta suka jawo wa sana'ar.

Kafin a kai ga haka, mai saye yana da abin yi. Lambar jikin motar da ta fito daga Amurka tana buɗe tarihinta a Carfax da makamantansa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa har da hotunanta a filin gwanjo. Kowace motar Amurka daga 1996 tana da mahaɗar da ake jona na'urar bincike, na'urar kuma tana nuna ko an goge bayanan matsala kwanan nan. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama idan an murɗa makulli sannan ta mutu. Wadda ba ta kamawa sam abin tuhuma ce. Bakaniken da zai duba kada ya zama wanda ke da kaso a la'ada. Kuɗi su shiga asusun da sunansa ke kan rasit, abin da dila ya faɗa kuma a sa ya rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne.

In kuma aibin ya riga ya bayyana, a ajiye motar nan take, kada a bari a kwance ta kafin dila ya gani, a sami rahoton bakanike a rubuce da hotuna, a aika wa dila takarda mai kwanan wata da ke faɗin abin da ake nema, tun wata ukun nan bai cika ba. Ma'aikaciyar asibitin tana kwana na 19 ne kawai. Tana da sauran fiye da wata biyu, tana da sashe na 132, tana da babin da malamin unguwarsu ya karantar ba sau ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne kada dangi su taru su ba ta haƙuri kafin ta rubuta takardar.